Tsakanin gero da wuta, wane ne mai rai?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji huɗu na sakandare a Daura, bana muka fara bayoloji. An koya mana cewa mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana hayayyafa. To geron da ya shekara a rumbu ba ya yin ko ɗaya, ita kuwa wuta tana ci, tana girma. Wane ne mai rai a cikinsu?

Amsa: 'Yata, gero ne mai rai, kuma tambayarki ta taɓo tushen ilimin halittu gaba ɗaya. Alamomin da aka koya muku daidai ne, sai dai haddace su kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai abin da ke ƙarƙashinsu: duk mai rai, daga kuka zuwa sauro, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda yawancinsu ido ba ya gani. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana su a 1665, lokacin da ya duba ɓawon itace ta madubi mai ƙara girman abu, sannan a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka nuna cewa tsirrai da dabbobi duka haka ginin jikinsu yake. Wuta ba ta da ƙwayar halitta ko guda, ba ta kuma da gadon da za ta bar wa 'ya'ya.

A cikin kowace tsabar gero akwai ɗan tsiro a kwance, da guzurinsa na abinci a gefe. Yana numfashi, amma a hankali ƙwarai saboda ya bushe, kuma ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa, shi ya sa manomi ba ya sakin jiki da tsohon iri.

Ina so ki gwada da hannunki, domin yana damuna yadda ake koyar da wannan darasi a allo kawai. Ki naɗe tsaba 20 a jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe wasu 20 da kika soya a wani tsumman daban, ki riƙa yayyafa musu ruwa. Cikin kwana biyu ko uku farin saiwa zai leƙo daga ɗanyen, soyayyen kuwa ba zai tsira ba, saboda zafi ya kashe ƙwayoyinsa. Ki rubuta adadin da ya tsira kowace safiya, ki kai wa malaminku ku tattauna.