Jirgin yawon teku a Legas: Asabar ɗaya ba ta yin lissafin shekara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da shadda da atamfa. A watan Disamba na je Legas sarin kaya, sai ƙanina da ke zaune a Agege ya ɗauke ni ranar Asabar muka shiga jirgin ruwa mai inji zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku da ake zuwa shaƙatawa. Teku ta kwanta luf, jirage cike maƙil, mutane har layi suke yi. Ya ce in na kawo naira miliyan 25 za mu sayi jirgi na hannu mai cin mutum 20, shi zai kula da shi. A lissafinsa kowane mutum naira 5,000 zuwa da dawowa, sawu 6 a rana, Asabar da Lahadi, kuɗina zai fito cikin wata 6. Daga jarin shago zan cire. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Na buga lissafin ƙanin naka, kuma a takarda ya fita daidai: naira 600,000 a rana, miliyan 1.2 a mako. Matsalar ita ce ranar da aka ɗauko lissafin. Ka je Legas a Disamba, watan da 'yan Najeriya mazauna ƙasar waje ke dawowa gida, ma'aikata na hutu, kowa na neman inda zai kashe kuɗi. Ka je ranar Asabar, cikin rani, teku a kwance. Ka ɗauki rana mafi kyau a wata mafi kyau, ka ninka ta sau 52, ka ce ita ce shekara.

Kai fa ɗan Kwari ne. In baƙo ya shigo kasuwa a goman ƙarshe na azumi, ya ga ba masaka tsinke, 'yan dako na ta "hanya, hanya", ya ce zai kama shago domin haka ciniki yake kullum, me za ka ce masa? Za ka ce ya dawo bayan babbar Sallah ya ga yaran shago na gyangyaɗi a kan dila. Abin da kake shirin yi ke nan a sana'ar da ba ka sani ba.

Damina a Legas ba irin tamu ba ce. Tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A tsakiyar wannan lokacin igiyar ruwa kan yi ƙarfi, kuma ko jirgi zai iya tafiya, wa zai kwashi iyalinsa zuwa bakin teku ana sheƙa ruwa? Mai zuwa aiki daga Ikorodu dole ne ya shiga jirgi ko ya kwana a cunkoson mota. Mai yawon shaƙatawa ba abin da ya tilasta shi, hadari kaɗan ya gani sai ya fasa. Kasuwar da ake so ka shiga ta masu fasawa ce. Ga kuma ciyawar nan ta ruwa mai kama da kainuwa da ke toshe hanyoyin ruwan Legas a wasu watanni, ta naɗe farfela, jirgi ya tsaya cak.

Sai batun mai, wanda ban ga ko kalmarsa a wasiƙarka ba. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, duk sana'ar da ke tafiya da fetur ta canza. Injin jirgi mai ƙarfin doki 200 in an take shi sosai yana iya shan wajen lita 70 a awa ɗaya. Mu sassauta, mu ce lita 50. Sawu 6 zuwa da dawowa zai ci kamar awa 4, lita 200 ke nan. Ko ka sa lita a naira 900, naira 180,000 ta tafi. Inji kuwa bai san yawan fasinja ba. Ranar da mutum 7 kawai suka shiga a kowane sawu, cinikinka naira 210,000 ne. Cire mai, saura 30,000, a ciki za a biya matuƙi, da yaronsa, da kuɗin tasha, da na ƙungiya. Wa ma ya ce za ku samu sawu 6? Tashar ba ku kaɗai ba ne a cikinta. Ka tarar da mutanen da suka gaji ruwa kaka da kakanni, da jiragen gwamnatin jiha na LAGFERRY da suka fara jigila a 2020.

Ruwan gishiri ba ya tausayin ƙarfe. Injin da ke aiki a teku sai ana wanke cikinsa da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya ci shi ta ciki, waje kuma fenti na ƙyalli. Sayen inji na hannu daga Kano ta hoton waya cinikin biri a sama ne. Kayan gyaransa daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala.

Na san wani bawan Allah a kasuwar Singa da ya ga yadda ake turereniyar mota a tasha lokacin Sallah, ya sayar da rabin kayan sitonsa ya sayi bas ya ba ɗan 'yar'uwarsa. Watan farko kuɗi ya shigo har ya fara maganar ta biyu. Daga nan sai waya: yau taya, gobe giya, jibi ba fasinja. Yaron ba ɓarawo ba ne, na san shi. Amma ba littafi, ba rasit, ba wanda ya taɓa zama ya lissafa abin da motar ke kawowa a watan da ba Sallah. Da aka sayar da ita ko rabin kuɗin ba ta mayar ba, kuma uwar yaron ta daɗe ba ta taka gidan ɗan'uwanta ba. Shi motarsa ma yana ganinta jefi-jefi. Kai jirginka zai kasance kusan kilomita 1,000 daga shagonka, a kan ruwa, kuɗin fasinja hannu da hannu.

Ban ce ƙaninka mayaudari ne ba. Wataƙila shi ma Asabar ɗin ce ta ruɗe shi. Amma ka tambaye shi: ya taɓa tuƙa jirgi? Ya taɓa riƙe littafin jirgin wani? Ya san abin da hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jihar Legas da NIWA ta tarayya, ke nema kafin jirgi ya ɗauki fasinja, daga rajista zuwa rigar ruwa ga kowane mutum, da dokar hana tafiyar dare? In amsar ita ce "za mu samu wanda ya sani", to wancan mutumin ne mai jirgin, ku biyu masu biyan gyara ne kawai.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Mu a Kano ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi, kuma lodi ya wuce ƙima. Matuƙin da aka ɗora wa kawo naira 600,000 a rana, in kasuwa ta yi sanyi da safe, da yamma zai cusa mutum 28 a wurin 20 don ya cike giɓi. Sunanka ne a takardar jirgin, Alhaji, kuma kai za a tambaya, a nan da kuma gobe ƙiyama.

Maganar "kuɗi zai fito cikin wata 6" kuwa, na gaji da jinta. Da akwai sana'ar halal mai mayar da jari cikin wata 6 a bakin tekun Legas, masu kuɗin Ikoyi da ke kallon ruwan daga tagoginsu ba za su jira ka taso daga Kwari ba.

Kada ka taɓa jarin shago. Miliyan 25 a shaddar da ka sani tana juyawa a gaban idonka, ka san mai biyan bashi, ka san mai gudu. In har zuciyarka ta ƙi haƙura, ka jira Yuli. Ka koma tashar da kuka hau jirgi, ka zauna da biro da takarda Asabar da Lahadi, ka ƙirga jirage nawa suka tashi da mutum nawa a kowanne. Ka nemi mai sayar da jirgin ya nuna maka littafin shige da ficensa na wata 12, in ya ce ba shi da shi ka tashi. Ka kawo bakaniken da ba ya da alaƙa da mai sayarwa ya buɗe injin a gabanka.

Shi kuma ƙaninka, in neman abin yi yake, ka ce ya kama aiki a jirgin wani ya yi damina ɗaya cikakkiya, yana rubuta cinikin kowace rana da man da aka sha. In ya kawo maka wannan littafin a Nuwamba, ka turo min shi mu duba tare.