Tambaya da Amsa: Wai an cuci Leeds ne a kakar 2023/24?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam don Allah a warware mana wata gardama da ta ƙi ƙarewa a gidan kallonmu. Leeds ta yi ta uku a Championship ta Ingila amma Southampton da ke bayanta ita ta hau Firimiya, ni dai nace magudi ne, abokina yace tsari ne. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa abokinka ne da gaskiya, ba a cuci kowa ba. Championship ita ce gasar rukuni na biyu, ƙasa da Firimiya. Kulob 24 ne a gasar, kowa wasa 46, na ɗaya da na biyu ne kawai suke hawa kai tsaye, wato Leicester mai maki 97, lokacin su Ndidi da Iheanacho na can, da Ipswich mai 96. A kakar 2023/24 ɗin, daga na uku zuwa na shida kuwa sai an buga wasan cike gurbi, kujera ɗaya tal ake nema, to nan fa Leeds da makinta 90 ta je wasan ƙarshe a filin Wembley Southampton ta ɗura mata 1-0, Adam Armstrong ya ci, shikenan wahalar wata tara ta tafi a minti 90. Akwai ciwo kam, ban musa ba. Amma kowa ya san dokar tun kafin a take leda, kuma in ba don ita ba kulob ɗin da ke na takwas ko na tara a watan Maris me zai sa ya ƙara zufa?

A ƙasa kuma uku ne suke gangarawa League One, wato rukuni na uku. Birmingham ta haɗa maki 50 amma bai cece ta ba, ta bi Huddersfield da Rotherham.

Wani abin da baka tambaya ba amma zai sanyaya maka rai: Leicester da Ipswich da ita Southampton ɗin duk ukun sun dawo ƙasa bayan kaka ɗaya, saboda kuɗin talabijin na Firimiya ya sa tazarar ta yi yawa, shi yasa ma ake ba wanda ya faɗo wani tallafin kuɗi na 'yan shekaru kada albashin 'yan wasa ya karya shi. Leeds kuwa ta haɗa maki 100 a 2024/25 ta ɗauki kofin, ta hau ba tare da cike gurbi ba.