Amsa ga ɗan'uwan da uwargida ta ce ko ita ko katunan

Salamu alaikum jama'a. Malam, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce uwargida ta ga rasit na tsohon katin besbol da ka saya dala 800, ta ce ko ita ko katunan, kana tambaya ko ka kwashe su ka ɓoye wani wuri har ƙura ta lafa. Don Allah kada ka ɓoye. Ni ɓoyon ne ya kashe ni.

Shekarata 19 a Bronx ta birnin New York, tafiyar ƙafa ce daga gidanmu zuwa filin ƙungiyar besbol ta Yankees. Tawa matar tun farko "kishiyata" take kiran akwatin katunana. In ta ga na baje su a tebur ina duba kusurwa da gilashi sai ta ce, "Maigida, yau a ɗakin amarya za ka kwana ke nan." Muna dariya a lokacin. Abin da ba ta sani ba shi ne kuɗin. Katin shahararren ɗan wasa Jackie Robinson da kamfanin Topps ya buga a 1956, shekararsa ta ƙarshe a fili, na ce mata dala 40 na saye shi. Ɗari shida ne. Ga wasu katunan da ake kira T206 guda uku, irin waɗanda aka riƙa sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, ba na manyan 'yan wasa ba ne, amma sun haura shekara 100, kuma ina son su kamar me.

Da mita ta yi yawa sai na sauke akwatin ɗakin ƙasa na gininmu, bayan tsofaffin kekunan yara. Daren 1 ga Satumba 2021 ragowar guguwar Ida ta sauka a New York. Kun san sauran. Da asuba na sauka da tocila, ruwa har gwiwa, akwatin ya kife. Wanda ya ce muku robar da kamfanin tantance katuna na PSA ke rufe kati a ciki ba ta shan ruwa bai taɓa gani ba ne. Na ɗaga Robinson, ruwan ƙasa-ƙasa yana yawo a cikin robar, fuskarsa ta kumbura. T206 ɗin kuwa sun manne da juna kamar ɗanyen ƙosai. Na zauna a kan matakala na yi kuka, ni da furfurata.

Baiwar Allah ita ta sauko ta same ni. Ta shimfiɗa tawul a falo, tana jera su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa "Haƙuri, ai ba wani kuɗi ba ne." Sai ga ƙaninta. Yaron nan ni na biya masa kuɗin jirgi, a kujerata ya kwana wata 14, bai taɓa sayen ko madara ba. Ya ɗauki katin, ya buga sunan a eBay, ya miƙa mata wayar yana murmushi, "Yaya, kin ga abin da ake zubawa a takardar cingam?" Bai tsaya nan ba, kafin azahar hoton yana zauren WhatsApp na danginsu, har Kumasi an ji. Surukata ta kira tana tambaya ko caca na shiga. Har yau in ya gaishe ni amsawa kawai nake yi, Allah ya yafe min.

Sati uku ba ta yi min magana ba sai ta bakin yara. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Kuɗin bai dame ni ba. Ina ta lallashinka kan dala 40, kana kallona ka yi shiru."

Saboda haka ka zaunar da ita, ka rubuta abin da ka kashe gaba ɗaya, har na bara. Za a yi faɗa, ka daure. Kuma kada ka ce mata jari ne. Na gwada, na kawo mata labarin katin Mickey Mantle, tsohon ɗan wasan Yankees, na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022, ta ce to naka nawa aka taya? Gaskiyarta. Yawancin abin da ke hannunmu, musamman na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 da aka buga su kamar ƙasa, ko kuɗin robarsu ba za su mayar ba. Kar kuma ka yi gangancin ambato gwal ɗinta ko kwanukan da ta jera a kabad. Na yi, na ji jiki.

Af, wanda ya taya ka ƙwallo mai sa hannun Babe Ruth, tsohon gwarzon besbol, da araha, gudu. A 1999 FBI ta fasa masu buga na jabu a binciken da ta kira Operation Bullpen, amma kayan nan suna nan suna yawo a kasuwa.

Yanzu dala 50 nake warewa a wata, bayan haya da na aikawa gida, ita ke riƙe da lissafin. Akwatin yana saman wadirob a ɗakinmu. Robinson ɗin da ya lalace ban yar ba, ita ta sa shi a firam da hannunta, ta rubuta 600 a baya da jan biro.