Amsoshin tambayoyinku: yawon buɗe ido a kan mashin, duwatsu da tabkuna

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, matasanmu na Legas na son haɗa ayari su hau mashina su je ganin duwatsu da ruwa. Bismillah.

Tambaya: Mu shida ne abokai a Agege, kowa da Boxer ɗinsa, muna son mu je Mambila idan mun samu hutun kwana biyar. Zai yiwu?

Amsa: Ƙanena, a kwana biyar ba zai yiwu ba, ku cire shi daga ranku yanzu. Daga Legas zuwa Gembu, babban garin Mambila, ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, sai kun ratsa har Taraba, ku bi Bali ku bi Serti kafin ku iso Mayo Selbe inda hawan dutsen yake farawa, kuma wannan hawan ko manyan motoci numfarfashi suke yi a kansa balle mashin ɗin da ya kwana uku yana shan wuta a hanya. Mambila wuri ne mai kyau, ga sanyi ga gonar shayi a Kakara, amma tafiyar mako biyu ce ta waɗanda suka saba.

Ku fara da abin da ke bayan gidanku. Ku bi ta Abeokuta ku ga dutsen Olumo, daga nan ku miƙa Ado-Awaye a jihar Oyo kusa da Iseyin, inda akwai ɗan tabki a can saman dutse, Iyake suke ce masa. In akwai sauran ƙarfi sai Erin Ijesha a Osun mai ruwa hawa bakwai, sai Ikogosi a Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, ku rufe da Idanre a Ondo, matakala sama da 600 za ku taka da ƙafarku kafin ku kai tsohon garin da ke sama. Wannan ya ishe ku kwana biyar har ya yi yawa. Kada ku wuce kilomita 200 a yini, kuma la'asar ta same ku a masauki.

Tambaya: Mun tara dubu ɗari uku na kayan tafiya. Wasu na cewa mu yi anko na riguna da sunan ƙungiya a baya, mu sa salansa mai ƙara da sifika. Wanne za mu fara saya? Hular kwano muna da ita, mun saya a gosulo.

Amsa: Wallahi wannan wasiƙar ta ɓata min rai. Salansa mai ƙara dutse za ka tsorata da ita? Ka yi layi uku a kan riga da sifika, hular da za ta riƙe maka ƙwaƙwalwa kuma ka ambace ta a ƙarshe, wai kun saya a gosulo. Zauna ka ji.

Wannan abin da ake miƙo maka ta taga a cinkoson motoci ba hular kwano ba ce, robar bokiti ce aka fesa wa fenti. Hular gaske a cikinta akwai wani farin soso mai tauri, kaurinsa ya kai yatsu biyu, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kanka. Ta jabu in ka ɗaga yadin ciki katifar kujera za ka gani, ka danna da babban yatsa ka ji ka taɓo roba. Ka ɗauke ta ka ji nauyi, ka kama gefe da gefe ka matsa, in ta lanƙwashe kamar kwanon sha ka ajiye musu abinsu. Ka ja igiyar haɓa da ƙarfinka ka ga da me aka kafe ta, da ƙusar ƙarfe ko da ɗan maɓallin roba. Ana rubuta DOT ko ECE, wato tambarin gwajin inganci, a jikin masu inganci, amma kar sitika ta ruɗe ka, sitika kowa na iya bugawa, ta ECE ta gaske lambarta ɗinke take a jikin igiyar. Kuma ku sayi mai rufe haɓa gaba ɗaya, wadda ta tsaya a saman kai kamar ta 'yan gini ba ta hanya ba ce.

Ina wannan faɗan ne saboda abin da idona ya gani. Akwai yaron maƙwabcina da ya zame a kan yashi, ba ma gudu yake ba, da aka kawo hularsa gida ta rabe biyu kamar ƙwarya, igiyar na nan a ɗaure ita kaɗai ta fita daga jikin robar. Watanni ya yi kafin maganarsa ta dawo daidai. Mu da muka ga 2009 lokacin da aka fara tilasta hular kwano, mun ga masu kifa ƙwarya da tukunya a kai don jami'ai su bar su su wuce, to har yanzu tunanin bai canza ba, mutum na sayen hula ne don ɗan sanda ba don kansa ba.

Kuma ba hula kaɗai ba. Baƙin mai na jabu ya cika gari, tsohon mai ake tacewa a ɗura a sabuwar gora, a cikin unguwa ba za ka gane ba sai ranar da inji ya yi awa huɗu yana aiki a hawa sannan ya kama. Ku saya a gidan mai ko wajen dilan da kuka sani, ku duba hatimin murfi, ku nemi wanda aka rubuta JASO MA a jiki don shi aka yi wa kulocin mashin, na mota yana iya sa kuloci ya riƙa zamewa. Taya kuma akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to makon 23 na 2019 aka yi ta, ko da gashinta a jiki ta tsufa a sito, roba ta bushe. Duk wadda ta wuce shekara biyar ka bar ta. Takalmin birki mai arha shi ne mafi mugunta, da ya ɗauki zafi a gangara sai ka taka ka ji kamar sabulu.

Kuɗin nan naku ku fara da hula, sai taya da birki da sarƙa, sai safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu da rigar ruwa. In an samu canji a yi ankon. Ni na san ba za a samu ba.

Tambaya: Mijina zai bi abokansa wannan tafiyar, wata takwas da aurenmu, tun da ya faɗa min ba na iya barci. In hana shi ne?

Amsa: 'Yata, tsoronki ba laifi ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne, duk mai ƙaunar mutum haka zai ji. Amma hanawa da kuka ba kasafai take aiki ba, sai dai ya tafi da ɓacin rai. Ki zauna da shi cikin daɗin rai ki nemi abu kaɗan: ya rubuta miki garuruwan da za su kwana, ya ba ki lambar mutum biyu cikin abokan, ya yi alkawarin ba tafiyar dare ko da me, ya kira ki duk inda suka sauka. A cikin duwatsu sabis na ɗaukewa, don haka in kin kira sau biyu bai shiga ba kada hankalinki ya tashi, ki jira magariba. Ki ɗauko hularsa ki duba ta yadda na faɗa a sama, in ta bogi ce ki tsaya kai da fata sai an canza, a nan kam ina bayanki. Sauran kuma addu'a, Allah ya kai su lafiya ya dawo miki da shi lafiya.

Tambaya: Ya za mu fita daga Legas da wannan dokar hana okada?

Amsa: Da hankali. Tun dokar hanya ta 2012 mashin da girman injinsa bai kai 200cc ba an hana shi manyan tituna da gadoji, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana okada a ƙananan hukumomi shida har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara da irin su Mushin da Oshodi da Kosofe. Ɗan tas fos ba zai tsaya jin cewa yawon buɗe ido za ka ba, Boxer ya gani. Ku da kuke Agege ku bi ta Abule Egba zuwa Sango, ko mafi kwanciyar hankali ku ɗora mashinan a mota a sauke muku a Ogun. Lasisin tuƙin mashin, takardun mallaka, inshora, lamba a jiki, kowa ya riƙe nasa da kwafi a leda.

Tambaya: Abokina ya ce a gangaren dutse a kashe inji a saki mashin firi don a rage shan mai. Gaskiya ne?

Amsa: Abokin nan naka kar ku ba shi gaba. Man da za ka rage bai cika kofin shayi ba, kuma ka ɗora duk nauyinka da na kaya a kan birki shi kaɗai har ya yi zafi ya daina kamawa. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, inji na riƙe ka kana ɗan taɓa birki kana saki. Ku bar tazara tsakaninku, kada a yi obatekin a kwana, wanda ya fi kowa sanyin tuƙi shi ne na biyu a layi, mai kayan faci da famfo da sifana shi ne na ƙarshe.

Tambaya: Muna son mu ƙarasa har tabkin Kainji mu shiga kwalekwale.

Amsa: Ba a wannan tafiyar ba. Yankin dajin da ke kewaye da Kainji ya sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, sai kun sami ɗan gari a New Bussa da zai gaya muku halin da ake ciki a wannan makon, ba labarin bara ba. In ruwa kuke marmari, duk inda kuka je kada wanda ya shiga jirgi babu rigar kariya, kuma in kun ga an cika shi da buhuna da mutane ku jira na gaba. Iyake kuwa kallonsa kawai ake yi, mutanen garin suna girmama wurin, ba a wanka a ciki, ku tambayi ɗan rakiya kafin ma ku ɗauki hoto.