Jarrabawa ta matso, barci ya gagara

Ƙanwata, kin ce saura mako uku jarrabawa, barci ya ƙaurace miki, kai na sara, har kin fara tunanin ƙwayoyin da wasu ɗalibai ke haɗiya don karatun dare. To, wannan maganar ki binne ta. Tramadol da ire-irensa ba sa ƙara wa kowa hadda, jaraba kawai suke sa wa mutum, kuma fita daga cikinta aiki ne ja.

Barcin da kike son yankewa, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Babban mutum na buƙatar awa 7 zuwa 9. Ni ma ina aji biyu na kwana uku a kan Nescafé da goro, na shiga ɗakin jarrabawa ina kallon tambayar da na sani sarai, amma kaina fayau. Daga la'asar ki bar kofi da goro, domin sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awanni kafin ya bar jiki.

Karatu kuwa, bayan sallar asuba ya fi shiga. Ki nemi tambayoyin shekarun baya, ku zauna ku uku ko huɗu kuna yi wa juna bayani. Da yamma ki taka ƙafa ko minti 30 ne, kuma kar gari da ƙuli ya zama abincinki safe da dare.

Idan faɗuwar gaba, kuka ba dalili ko rashin barcin ya kai mako biyu, ki je asibitin makaranta ki faɗa wa likita komai, ki kuma kira Umma ku yi hira.