Anti, in sayar da ɗankunnena in canza wa yarona makaranta?

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Kano, ɗana yana JSS3 a makarantar gwamnati ta unguwarmu, ajin a cike yake maƙil wasu ma a ƙasa suke zama, malamin lissafi kuma sai ya ga dama yake shiga. To akwai wata ta kuɗi a bayan layinmu, duk shekara sai sun kafe bana a bakin get wai ɗalibansu kaf sun ci WAEC da NECO, ɗan kishiyata can yake (yayanta ke biya mata) kullum cikin gori nake. Maigida ya ce ba shi da hali. Ina da ɗankunnen zinare na gadon mahaifiyata, in sayar ne in mai da shi can?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Ki adana ɗankunnen nan tukuna. SS1 zuwa SS3 zango tara ne fa, ga yunifom ga littattafai ga kuɗin jarrabawa, ya za ki yi in kuɗin ya ƙare a tsakiya?

Makarantu sun bambanta kam, wannan ba musu, amma ni duk makarantar da ta ce kowa da kowa ya ci sai na ɗan ja baya, don akwai inda ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, yaro ya fito da kiredit tara alhali wasiƙa ba ya iya rubutawa. JAMB ce ke tona asiri tunda a kwamfuta ake yin ta. Ki tambaye su nawa yaransu suka ci cikin 400. Ki kuma karɓi littafin wani ɗalibinsu ki buɗe, akwai jan biron malami a ciki ko tun farkon zango ba wanda ya duba?

Kuma kin manta da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, na gwamnati ne, tun 1977 aka kafa su, ɗalibansu da dama sun zama likitoci da injiniyoyi, kuma daga JSS3 ake zana jarrabawar shiga. Yaronki daidai gaɓar yake. Ki samo masa mai lesin na lissafi da Turanci da yamma, wannan kam maigida zai iya. Gorin kishiya kuwa ki toshe kunne. Gobe ki leƙa wajen firinsifal ɗin makarantar yaronki ki ji yaushe fom ɗin jarrabawar zai fito.