Tafiyar kwale-kwale a Grand Canyon ga wanda bai iya iyo ba

Malam, ka ce ba ka iya iyo ba, kuma kana son bin masu jagora cikin kogin Colorado a Grand Canyon, jihar Arizona ta Amurka. Za ka iya zuwa, muddin rigar kariya daga nutsewa tana jikinka a ɗaure tamau duk lokacin da kake kan ruwa. Amma ka faɗa wa kamfanin tun wajen yin rajista.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne sanyin ruwan. Daga madatsar Glen Canyon yake fitowa, sai ka ga rana ta haura digiri 40, amma igiyar ruwa ta watso maka haƙora na kaɗawa. Kada ka sa kayan auduga, ba sa bushewa da wuri.

Daga Lees Ferry, wani wuri a bakin kogin, ake tashi. Tafiya a kwale-kwale mai inji wajen mako guda ce, na tuƙin hannu kusan biyu. A kan yashi ake kwana, kuma babu sabis ɗin waya. Da asuba ka kakkaɓe takalmanka kafin ka sa ƙafa, akwai kunama. Maganar abincin halal ma ka yi ta tun da wuri.

Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka ga likita tukuna, don asibiti na da nisa.